Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tambayar Yaranmu Ƙasashe Nawa Ne A Afirka

Zuwa ga marubuta littattafan makaranta, da masu tsara tambayoyin jarrabawa, da alƙalan gasar kacici-kacici a makarantu da gidajen rediyo.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, Allah ya gafarta malamai, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yanmu. Na san aikinku akwai wahala, kuma ba a cika gode muku ba. To amma yau ƙorafi na kawo, a kan tambaya ɗaya tak, wadda da wuya littafin labarin ƙasa ko filin gasa ya tsallake ta: "Ƙasashe nawa ne a nahiyar Afirka?" Wasunku sun rubuta 54 a shafin amsa, wasu 55, akwai ma tsofaffin bugu da har yau suke kan teburan masu sayar da littattafai ɗauke da 53. Kowa kuma ya kafe a kan tasa, duk yaron da ya faɗi wata sai a ja masa jan biro.

Roƙona shi ne ku daina jefa wa yara tambayar nan a haka. Ba ta amsuwa sai an faɗi wanda ke ƙirgar, an kuma faɗi shekarar da ya ƙirga.

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da mambobi 193, daga cikinsu 54 na Afirka ne, autarsu ita ce Sudan ta Kudu da ta shiga a watan Yulin 2011. Tarayyar Afirka kuwa mambobinta 55 ne. Ɗayar da ta ƙaru ita ce Jamhuriyar Sahrawi, wato Yammacin Sahara, wadda ke da kujera da tuta a Addis Ababa, hedikwatar Tarayyar, amma a New York, hedikwatar Majalisar, sunanta na cikin jerin yankunan da ba su kai ga mulkin kansu ba, kuma a nan yake tun 1963. Ba wanda lissafi ya ƙwace masa a majalisun nan biyu, kowace tana ƙirga waɗanda ta buɗe wa ƙofa ne. Ko a gidajenmu ma, adadin masu sa hannu a akushi daban, adadin masu cin gado daban, kuma duk 'yan gida ake ce musu.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Daga 2011 zuwa farkon 2017, majalisun biyu duk 54 suke cewa, sai ka ɗauka bakinsu ya zo ɗaya, alhali kuwa jerin sunayen ya sha bamban. Na New York akwai Maroko babu Sahrawi, na Addis Ababa akwai Sahrawi babu Maroko. Yaron da ya haddace 54 a waɗannan shekaru ya ci makinsa cif, amma da za a ce ya jero sunayen, ko malamin da ya ba shi makin ba lallai ne ya san wane jeri ake nufi ba.

Tunda duk saɓanin a kan Yammacin Sahara ya rataya, ku yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kansa. Yanki ne na hamada a bakin Tekun Atalantika, kudu da Maroko, arewa da Muritaniya. Faɗinsa ya ɗara na Ghana, amma mutanensa ba su da yawa. Sifaniya ta mallake shi tun 1884, kuma da guguwar 'yancin kai ta kaɗa ko'ina a nahiyar, ita sai ta yi ta jan ƙafa har zuwa 1975, lokacin da shugabanta Janar Franco ke kwance rai a hannun Allah. Masu neman wurin su uku ne. Maroko ta ce ƙasarta ce tun kafin Bature ya zo, Muritaniya ma ta ce haka, ƙungiyar Polisario da aka kafa a 1973 ta ce ba ta kowa ba ce sai ta mutanen da ke cikinta. Aka nemi fatawar Kotun Duniya. A watan Oktoban 1975 kotun ta ce tabbas wasu ƙabilun yankin sun taɓa yi wa Sarkin Maroko mubaya'a, amma hakan bai kai matsayin mallakar ƙasa ba, don haka mutanen wurin ne ke da haƙƙin zaɓa wa kansu makoma. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi ya watsar da sauran. Sarkin Maroko Hassan na Biyu ya riƙe maganar mubaya'a, ya tara mutum 350,000 ba makami, riƙe da tutoci da Alƙur'ani, suka tsallaka iyaka a farkon Nuwamba. Cikin 'yan kwanaki Sifaniya ta sa hannu a Madrid, ta bar wa Maroko da Muritaniya ragamar wurin, ta kama gabanta. Ranar 27 ga Fabrairun 1976 Polisario ta shelanta jamhuriyarta, yaƙi kuma ya kankama. Muritaniya ta gaji ta janye a 1979, Maroko ta haɗa da rabonta, sannan ta tayar da ganuwar yashi mai tsawon kimanin kilomita 2,700, kewaye da nakiyoyi, wadda ta tsaga yankin gida biyu. Yau kusan kashi huɗu cikin biyar na hannun Maroko, har da garuruwan El Ayun da Dakhla, da ma'adinin takin zamani na Bu Kra, da gaɓar teku mai albarkar kifi. Ita kuwa gwamnatin Sahrawi, zamanta a sansanonin 'yan gudun hijira yake, kusa da Tinduf a cikin Aljeriya, inda waɗanda aka haifa a tanti sun girma har sun haifi nasu.

A 1991 aka tsagaita wuta bisa alkawarin ƙuri'ar raba gardama, Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura tawaga ta musamman don shirya ta. Har yau ba a kaɗa ƙuri'ar ba. Ku duba abin da ya hana, malamai, can ma rigimar ƙirga ce: wa za a ƙirga a matsayin ɗan yankin mai ƙuri'a? Polisario ta ce a tsaya a kan ƙidayar da Sifaniya ta yi a 1974, wadda ta samu kimanin mutum 74,000. Maroko ta ce a ƙara da dubban mutanen ƙabilun da take ganin asalinsu na can ne. Kowa ya san wanda ya ci rigimar rajista shi ya ci zaɓe, mu 'yan Najeriya ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Aka yi ta ja har tsagaita wutar ma ta wargaje a Nuwamban 2020. A ganina ƙuri'ar nan bashi ce da duniya ta ci ta ƙi biya, amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Yadda Sahrawi ta samu kujera a Addis Ababa shi ma abin koyarwa ne. A Fabrairun 1982, da ƙasashe 26 daga cikin 50 na tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda Tarayyar Afirka ta gada, suka amince da ita, babban sakataren ƙungiyar, Edem Kodjo ɗan Togo, ya ce rinjaye ya samu, ya ba ta wurin zama. Ƙungiyar ta kusa darewa, taron shugabannin da aka shirya a Tarabulus ta Libiya a wannan shekara bai ma samu adadin da zai zauna ba. A Nuwamban 1984, da wakilan Sahrawi suka zauna a taron shugabanni, Maroko ta yi fushi ta fice, duk da tana cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar kafa ƙungiyar. Sai a ƙarshen Janairun 2017 ta dawo, ta tarar da abokiyar rigimarta na nan, suka zauna a zaure ɗaya ba wanda ya amince da wani. Daga ranar nan lambar ta zama 55.

Ga inda maganar ta shigo gidanmu. A wannan wata na Nuwamban 1984 ne Najeriya, ƙarƙashin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, Farfesa Ibrahim Gambari na ministan harkokin waje, ta amince da Jamhuriyar Sahrawi a matsayin ƙasa. Maroko kuma dama ƙasa ce a wurinmu, ga ziyarar Fas da 'yan'uwanmu Tijjanawa ke yi, ga cinikin takin zamani, ga maganar bututun iskar gas. Ke nan idan gwamnatin Najeriya ce ta tashi ƙirga ƙasashen Afirka, 55 za ta samu. Littafin da aka buga a Ibadan ko Zariya, ya ce wa yaron Najeriya 54 ce kaɗai amsa, ya saɓa wa ƙirgar gwamnatin da ta tsara masa manhajar. Ban ce laifi ba ne a bi ƙirgar New York. Cewa na yi a gaya wa yaro ita aka bi.

Na taɓa raka ɗalibai wata gasa ta makarantun ƙaramar hukuma, a wani ɗakin taro da fankarsa ɗaya ce ke juyawa. Tambayar nan ta faɗa kan wata yarinya daga makarantar ƙauye, ta miƙe ta gyara hijabinta ta ce hamsin da biyar. Alƙali ya duba takarda ya ce ba daidai ba ne, ya miƙa wa ɗaya makarantar, wani yaro ya ce hamsin da huɗu, aka ɗauki tafi. Malamin yarinyar ya ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, a rediyo ta ji, lokacin da ake ba da labarin taron shugabannin Afirka. Alƙali bai ko ɗago kai ba ya ce, Malam, abin da ke takarda shi za mu bi. Yarinyar ta zauna, har aka tashi ba ta ƙara ɗaga hannu ba. A duk ɗakin nan ita ce ta kawo amsa daga sauraren duniya, sauran daga hadda suka kawo, kuma ita aka hukunta. Ban ga laifin alƙalin sosai ba, takardar da aka ba shi ce ba ta da wurin amsa ta biyu, kuma wani a cikinku ne ya rubuta ta.

Kada kuma ku ɗauka zanen taswira ƙaramin abu ne da za a bar wa yaron da ke aikin kwamfuta a maɗaba'a ya sauko da duk wadda ya fara gani a intanet. A watan Afrilun 2024, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Berkane daga Maroko ta je Aljiyas buga wasan kusa da na ƙarshe na gasar kofin ƙalubale ta Afirka da USM Alger. A ƙirjin rigar 'yan wasanta akwai 'yar taswirar Maroko haɗe da Yammacin Sahara ba layin tsakani. Jami'an kwastan suka riƙe rigunan a filin jirgi, 'yan Berkane suka ce ba rigarsu ba wasa. Ba a buga wasan farko ba, na biyu ma a Maroko 'yan Aljeriya suka ƙi fitowa, maganar sai da ta kai kotun wasanni ta duniya. Taswirar da ba ta kai tafin hannu ba ce ta hana mutum 22 taka leda har sau biyu. To a azuzuwanmu iri biyun nan duk suna manne a bango, wata da layi wata babu, malami bai sani ba balle ɗalibi. Kowace taswira kuka zaɓa kun ɗauki ɓangare, ko kun yi niyya ko ba ku yi ba.

Sai Somaliland da ke arewacin Somaliya, wadda labarinta kishiyar na Sahrawi ne. Sahrawi tana da kujera amma mafi yawan ƙasar ba ya hannunta. Somaliland kuwa ƙasar na hannunta, kujera ce ba ta da ita a ko'ina. Birtaniya ce ta mallake ta, ta ba ta 'yanci ranar 26 ga Yunin 1960, ta yi kwana biyar tana ƙasa mai cin gashin kanta, sannan ta haɗe da ɓangaren da Italiya ta mallaka aka samu Somaliya ranar 1 ga Yuli. Haɗin bai yi albarka ba. A 1988 jiragen gwamnatin shugaban Somaliya Siad Barre suka yi wa Hargeisa, babban birnin Somaliland, ruwan bama-bamai, da gwamnatin ta faɗi kuma, sai dattawan arewa suka taru a Burao ranar 18 ga Mayun 1991 suka ce sun koma iyakarsu ta da. Tun daga lokacin suna da kuɗinsu, da fasfonsu, da sojansu, da majalisarsu. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 tazarar ƙuri'a 80 ce kacal tsakanin na ɗaya da na biyu, wanda ya sha kaye ya haƙura. A 2010 da 2024 shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya miƙa mulki. Ku faɗa mini ƙasa nawa cikin 54 ɗin da muke sa yara haddacewa za su iya bugun ƙirji da haka. Ta tashar jiragen ruwansu ta Berbera ake loda dabbobi masu yawa zuwa Saudiyya a lokacin aikin Hajji, ba mamaki wani alhajinmu ya yi hadaya da ragon ƙasar da littafinsa na firamare ya ce babu ita. Sama da shekara 30 ba ƙasar da ta amince da su, sai a ƙarshen Disamban 2025 Isra'ila ta yi, Somaliya da Tarayyar Afirka kuma nan take suka yi watsi da matakin.

Yaro mai kaifin basira zai tambaya, to me ya hana? A littattafan shari'ar ƙasa da ƙasa akan kawo sharuɗɗa huɗu na yarjejeniyar Montevideo ta 1933: mutane mazauna, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon hulɗa da sauran ƙasashe. Somaliland za ta ce duk ta cika. Abin da ya tare mata hanya shawara ce da shugabannin Afirka suka yanke a Alƙahira a 1964, cewa kowa ya mutunta iyakokin da ya tarar ranar samun 'yanci. Sun san Bature ne ya ja layukan, sun san layin ya raba Katsina da Maraɗi, ya raba Daura da Damagaram, amma suka ga gara a bar kaza cikin gashinta. Ƙasa biyu ne suka ƙi yarda da shawarar a lokacin, Maroko da Somaliya, kuma ga shi yau su biyun ne ke tsakiyar rigimar ƙirgar nan. Ita Somaliland tana cewa ai iyakar ranar 'yancinta ta koma wa, har tawagar da Tarayyar Afirka ta tura can a 2005 ta rubuta cewa lamarinsu daban yake da na sauran masu neman ɓallewa. Rahoton bai kai ko'ina ba. Kowace gwamnati a nahiyar nan tana da yankin da take tsoron ya ji labari, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa.

Mu ma mun san zafin abin. Biyafara ta shelanta kanta ranar 30 ga Mayun 1967, ƙasashe biyar suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kwaddebuwa, Zambiya da Haiti. Wanda ya tambayi malamin makaranta a Darussalam ta Tanzaniya a 1969 ƙasashe nawa ne a Afirka, da amsarsa ta ɗara ta malamin Kaduna da ɗaya. A Janairun 1970 maganar ta mutu. Azawad da aka shelanta a arewacin Mali a Afrilun 2012 ba ta samu ko ƙasa ɗaya ba. Transkei da 'yan'uwanta uku da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ƙirƙira a matsayin ƙasashe, ba wanda ya kula su sai wadda ta ƙirƙire su. Waɗanda suka tsallake siraɗin su biyu ne, Iritiriya a 1993 da Sudan ta Kudu a 2011, kuma dukansu sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama, uwar ƙasar ta sa albarka, sannan ƙofofi suka buɗe. Abin da za a gaya wa ɗan sakandare ke nan ba ɓoye-ɓoye: tuta da taken ƙasa ba su isa ba, shiga Majalisar Ɗinkin Duniya sai Kwamitin Sulhu ya ba da shawara ba tare da ɗaya daga manyan nan biyar ya hau kujerar na-ƙi ba, sannan kashi biyu cikin uku na babban zaure su yarda. Siyasa ce ke ba da lambar, kuma siyasa na juyawa. Amurka ta amince da ikon Maroko a kan Yammacin Sahara a Disamban 2020, Faransa ta karkata can a 2024, wasu ƙasashen Afirka sun buɗe ƙananan ofisoshin jakadanci a El Ayun da Dakhla, wasu kuma irin su Aljeriya da Afirka ta Kudu suna nan daram a bayan Polisario.

Akwai kuma wuraren da littattafanku suka yi shiru a kansu gaba ɗaya, kamar an gama mulkin Turawa a Afirka an share wuri. Sabta da Malila garuruwa ne biyu a kan doron nahiyar nan, a gaɓar arewacin Maroko, amma tutar Sifaniya ke kaɗawa a cikinsu, Maroko kuma na cewa nata ne. Shingen wayar da ke kewaye da su shi ne iyakar Tarayyar Turai a cikin Afirka, shi matasanmu masu bin hamada ke ƙoƙarin haurawa. A Yunin 2022 aƙalla mutum 23 suka mutu a shingen Malila rana ɗaya. Ɗalibin da yayansa ya tafi ci-rani ta wannan hanya ya cancanci ya ga wurin a taswirarsa. Tsibiran Kanari ma na Sifaniya ne, Madeira ta Fotugal, Reunion ta Faransa, Saint Helena inda Napoleon ya mutu a tsare ta Birtaniya.

Mayotte ta fi su ɗaure kai. Tsibirai huɗu ne a rukunin Komoros. A ƙuri'ar Disamban 1974 mafi rinjayen mutanensu a jimilla suka zaɓi 'yanci, amma mafi yawan 'yan Mayotte suka ce su a bar su da Faransa. Komoros ta ce a ƙirga ƙuri'a a dunƙule, Faransa ta ce a ƙirga tsibiri-tsibiri, ta riƙe Mayotte, har a 2011 ta mayar da ita cikakkiyar gundumarta, da kuɗin yuro ake ciniki a can. Tutar Komoros kuwa har gobe taurari huɗu gare ta, na huɗun na tsibirin da ba ya hannunta ne, kuma mutane na ta nitsewa a teku cikin ƙananan kwale-kwale daga tsibirin Anjouan na Komoros, suna ƙoƙarin shiga wurin da tutarsu ta ce nasu ne. Yaron da kuka sa ya zana tutar Komoros ya zana rigima bai sani ba. Tsibiran Chagos ma haka, Birtaniya ta yanke su daga Morishiyos a 1965, ta kwashe mutanen wurin don Amurka ta kafa sansanin soja a Diego Garcia. A 2019 Kotun Duniya ta ba da fatawar cewa yankewar ta saɓa wa doka, a Mayun 2025 kuma ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar mayar da su.

Rigingimun iyaka irin na Bakasi, da kotu ta ba Kamaru a 2002 aka kammala miƙawa a 2008, ko Abyei tsakanin Sudan biyu, waɗannan ba sa taɓa lambar, don ba ƙasa suke neman zama ba. Sai dai akwai guda da zan so ku sa ko don yara su yi dariya su riƙe darasi. Tsakanin Masar da Sudan akwai wani fili da ake kira Bir Tawil, ya haura murabba'in kilomita 2,000, kowace na cewa ba nata ba ne. Dalili shi ne Turawan Ingila sun ja layi biyu, ɗaya a 1899 ɗaya a 1902. Wanda ya karɓi Bir Tawil ya yarda ke nan da layin da zai raba shi da Halayib, wadda ta fi girma kuma take bakin Bahar Maliya. Sai kowa ya ce Halayib tasa ce, Bir Tawil ta maƙwabci.

Na san abin da za ku ce: yaron aji huɗu ina shi ina Polisario, kuma jarrabawar zaɓi-ɗaya ba ta ɗaukar amsa biyu. Na yarda ba za a ɗora wa ɗan firamare duk abin da na zayyana ba. Amma yaron da ke iya riƙe cewa jihohin Najeriya 12 ne a 1967, suka koma 19, suka koma 21, suka koma 30, suka zama 36 a 1996, ba zai gaza riƙe jimla ɗaya ba: 54 a Majalisar Ɗinkin Duniya, 55 a Tarayyar Afirka, bambancin Yammacin Sahara ne. Ita kuma jarrabawa gyaran kalma kawai take so. Ku ce, "Ƙasashen Afirka nawa ne ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya?" ko "Mambobin Tarayyar Afirka nawa ne?" Kowace tana da amsa ɗaya da ba mai ja. Ku kuma kula da tarkon dakatarwa: an dakatar da Nijar daga harkokin Tarayyar Afirka bayan juyin mulkin 2023, kamar yadda aka yi wa Mali da Burkina Faso da Sudan, amma dakatarwa ba kora ba ce, suna cikin 55 ɗin. ECOWAS ce Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga cikinta, ta sauko daga 15 zuwa 12 a ƙarshen Janairun 2025, kuma ina da yaƙinin littattafai da yawa har yanzu 15 suke koyarwa.

A bugu na gaba, don Allah, duk inda kuka rubuta lamba irin wannan ku sa shekara a gefenta, duk taswirar da kuka buga ku rubuta shekararta a ƙasa. Yammacin Sahara a ja mata layi mai ɗigo-ɗigo da 'yar jimla mai cewa ana jayayya a kanta, Somaliland ma a nuna ta da irin wannan layi a cikin Somaliya. A littattafan sakandare a ware ko rabin shafi ne ga yankunan da har yanzu ke hannun ƙasashen Turai. Masu sayar da tsohon bugun 53, wanda Sudan ke dunƙule a cikinsa, shugabannin makarantu su daina karɓa daga hannunsu. Ku kuma alƙalan gasa, tunda naku ba ya jiran maɗaba'a, tun daga zangon karatu mai zuwa ku ƙara layi ɗaya a takardar amsa: in yaro ya ce 54 ko 55, a tambaye shi a ƙirgar wa. In ya faɗa, a ba shi makinsa, a ƙara masa ɗaya.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da basira.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin labarin ƙasa